Jan Makunnin da Ke Bayan Kwamfutar Fuatino

Masu karatu, ku gyara zama, domin abin da zan ba ku yau ko matata Losana ba ta ji shi daga bakina ba tukuna. Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, sunana Ropati, direban bas ne ni. Nakan kwashi mutane daga ƙauyenmu na bakin teku in kai su kasuwar Apia, babban birninmu, in dawo da su da yamma. 'Ya'yana huɗu. Mazan uku duk jirgi ya kwashe su, biyu suna Auckland, ɗaya yana Brisbane. Saura auta, Fuatino. Sunanta na sa aka rubuta da jan fenti a goshin bas ɗina, kuma Losana takan tsokane ni cewa wannan ce kaɗai Fuatinon da na tabbata kullum a ƙofar gida za ta kwana.

Ba ƙarya ta yi ba. Tsorona ke nan, in wayi gari auta ma ta tafi.

Abin da ya riƙe mini ita a gida kuwa wata 'yar kwamfuta ce da wani ofis ya yi gwanjonta, duk girmanta ba ta wuce kwalin takalmi ba. Da ita Fuatino take zana furanni da ganyaye da igiyar ruwa, ta tura wa wani kamfani a Auckland, su buga a jikin yadi. Tana ɗakinta, ana biyanta, ni kuma ina jin tarinta ta bango. Ban san abin da ya fi wannan daɗi ba.

Sai yayanta na Brisbane ya aiko mata da wani katin zane, wai zai sa aikin ya yi sauri. Tun ranar da ta sa shi a ciki, da aiki ya yi nauyi sai fanka ta hau gurnani, allo ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu murus. Ta yi mini bayani cewa akwai wani ɗan akwati a ciki da ke raba wa kowane sashe wuta, to shi ne ya yi ƙarami, kamar a ɗora wa bas injin babur. Wannan na gane. Abin da ban so ji ba shi ne saƙon matar kamfanin. Ta ce in dai na'urar ba za ta ɗauki aikin ba, Fuatino ta taho ofishinsu, akwai teburi kusa da taga yana jiranta.

Ban taɓa ganin tagar nan ba, amma na tsane ta.

Na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon akwatin wutar, na karya wani daidai faɗinsa, na sa su a aljihun riga. Duk shagon da ke Apia na shiga da tsinkayena. Mai ƙarfin ya yi wa cikin kwamfutar girma, wanda zai shiga kuma ba shi da ƙarfi. Wani mai shago ma ya tambaye ni ko sakace nake sayarwa.

Ana cikin haka yayata Telesia ta shigo maganar, ta shigo da Kelemete.

Kelemete ɗan ƙawarta ne, mutumin Pago Pago, birnin tsibirin da ke maƙwabtaka da mu wanda yake ƙarƙashin Amurka, akawu a kamfanin kifin gwangwani. Sun haɗu da Fuatino wajen gasar mawaƙan coci, kuma tun daga nan wayarta ba ta huta ba. Yaya ta riga ta yanke hukunci cewa yaron kirki ne, yana da aiki, yana karɓar dala. A wurinmu kuwa namiji ba ya musu da 'yar'uwarsa, balle wadda ta girme shi. In Yaya ta ce teku ta ƙafe, iyakata in ce ai kuwa na ga ƙura tana tashi. Amma a raina lissafin a fili yake. In kwamfuta ta mutu, Auckland ta ɗauke mini 'ya. In Kelemete ya yi nasara, Pago ta ɗauke ta. Ga shi kuma wai shi ne ya samo akwatin wuta mai ƙarfi daidai tsinkayena, zai kawo da hannunsa.

A zauren dangi na waya, Yaya ta rubuta da manyan haruffa: "RANAR LARABA BAƘO ZAI ZO. ROPATI KA SA RIGA MAI MAƁALLI."

Babban ɗana ya turo hoton zobe. Na Brisbane ya rubuta, "Baba kar ka yi masa tambayar da ka yi wa na baya." Na amsa da cewa tambayar mutum ko yana da niyyar ƙaura ba laifi ba ce.

Ranar Laraba na ajiye bas da wuri, na ce birki yana ƙara. Na shige ƙarƙashinta ina shafa giris a inda ba ya buƙatar giris, don in ga shigowarsa shi bai gan ni ba. Ƙafafunsa na fara gani, kowace kamar rabin kwalekwale. Da na leƙo sai ga mutum ƙato, farar riga a goge, baƙin zanen maza mai aljihu, katan na kaji a kafaɗa ɗaya, ɗan kwali naɗe da tawul a hammata kamar jariri. Ya shiga fale, babban zaurenmu marar bango, ya sunkuya ya wuce gaban Yaya, bai ce uffan ba sai da ya zauna ya tanƙwashe ƙafa a bakin tabarma. Na so a ce a tsaye ya yi gaisuwa, in sami abin faɗa. Bai ba ni ba.

Fuatino ta fito cikin riga da zani shuɗi mai fararen furanni, zanen hannunta, gashi a ɗaure a ƙeya, tana ƙamshin man kwakwa. Sai na ga furen da take saƙalawa a kunne. Tun tana 'yar makaranta a kunnen dama take sa shi. Ranar nan a hagu yake, wajen waɗanda aka riga aka yi wa kamu.

Na ce, "Fuatino, furenki ya ɓata hanya."

Ta ce, "Iska ce, Baba."

"Iskar Pago ce," in ji Yaya, ita da Losana suka kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Bayan gaishe-gaishe muka wuce ɗakin Fuatino a gidan bulo, ni da ita da shi. Ba wanda ya gayyace ni. Na ɗauki tocila na ce haske zan riƙe musu, alhali rana tana shigowa ta taga har tana kashe ido.

Fuatino ce ta kwance murfin, ta zuba sukurorin a ɓawon kwakwa don kar su ɓata. Kafin a taɓa komai ta ɗauki hoton cikin da wayarta, saboda a san inda kowace waya take. Kelemete ya kai hannu zai zare babbar wayar, yatsunsa suka ƙi shiga. Ya juya hannu, ya karkata kai, ya ciji leɓe, gumi ya tsattsafo masa. A zuci na ce to, ga mai gyara.

"Matsa, mai hannun faranti," in ji Fuatino.

Ya matsa yana dariya, ita ta zare. Shi yana faɗin wadda za a cire, ita tana cirewa, kawunansu suna ta matsowa kusa, ni kuma ina ta cusa tocila a tsakaninsu. Da aka fito da tsohon akwatin, sai ga busasshiyar tsaka kwance a kansa cikin ƙura. Kelemete ya ce watakila ita ce take shanye rabin wutar. Na kusa yin dariya, na mayar da ita tari.

Sabon akwatin ya shiga gurbin cif, ko takarda ba za ta ratsa ba. Amma wayoyinsa sun fi na tsohon kauri da yawa, sun taru sun yi tsiri kamar taliya. Aka ɗora murfi ya ƙi rufuwa. Suka danna nan, can ya ɗaga. Fuatino ta ce ba za a bar shi a buɗe ba saboda gishirin iskar teku da tsaka, kuma in aka matse wayoyin a kan fanka za ta daina juyawa. Suka tsaya suna kallon abin.

Nan fa aka zo fagena. Duk wanda ya taɓa shiga bas a ƙasar nan ya san ba a cewa ta cika. In kujeru sun ƙare, mai nauyi ya zauna a ƙasa, marar nauyi ya hau cinyarsa, kaya su shige ƙarƙashin benci, a bar hanya a tsakiya. Na miƙa wa Kelemete tocila na ce ya riƙe. Na kwantar da manyan wayoyin a gefe, na ɗora ƙananan a cinyarsu, waɗanda ba su da aiki na naɗe su na tura ƙarƙashin benci, na bar wa fanka hanyarta. Fuatino ta ɗaure su da zaren kamun kifi. Aka ɗora murfi, ya zauna lafiya lau.

Kelemete ya ce, "Baba, wannan ko a kamfani sai haka."

Maganar ta yi mini daɗi, kuma na ji haushin daɗin da ta yi mini.

Wayar da ya zo da ita bakinta irin na Amurka ne, ba ya shiga soket ɗinmu, sai Fuatino ta fita ɗauko tsohuwar. Tana juya baya na ga Kelemete ya juyo da kwamfutar, ya sa bakin sukundireba a wani ɗan jan makunni da ke bayan sabon akwatin, ya tura shi gefe. Ya buɗe baki kamar zai ce mini wani abu, sai ga Fuatino ta dawo, hankalinsa ya tafi inda ya saba tafiya.

Aka jona, aka danna. Shiru. Aka sake dannawa. Shiru. Sai Losana ta ɗaga murya daga kicin cewa a daina wahala, an ɗauke wuta tun ɗazu, firji ma ya yi shiru. Yaya kuma ta aiko cewa baƙo ya zo ya ci abinci, gwaza tana hucewa. Suka fita suka bar komai a jone.

Ni na tsaya, wai zan tattara shara.

Na ɗauki kwalin da akwatin ya zo a ciki. A jikinsa akwai hoton bayan akwatin, ga jan makunnin nan, an rubuta 115. Na sunkuya na duba na jikin kwamfutar. 230.

Masu karatu, ban yi nisa a makaranta ba, amma na san 230 ya ninka 115. Na tsaya na yi tunani irin na mai hankali. Mutanen da suka ƙera abin nan sun ɗauki hotonsa yadda ya kamata ya zauna. Yaron nan ya jira sai da 'yata ta juya baya, sannan ya ninka wa kwamfuta wuta. Don me? Don ta ƙone. In ta ƙone, aikin gida ya ƙare, sai ya ce mata ai akwai kwamfutoci a Pago. Komai ya fito mini sarai, har na ji tausayin Yaya da aka yaudara.

Na sa babban yatsa na mayar da makunnin inda yake a hoto. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya tsamo yaro daga teku.

A fale an shimfiɗa ganyen ayaba, ga gwaza, ga ganyenta da aka gasa da madarar kwakwa, ga kifi, ga kajin da ya kawo. Fuatino tana zaune gabansa tana kore masa ƙuda da mafici. Yaya tana yi masa tambayoyin da ta riga ta san amsarsu, don ni in ji. Na ci abinci sosai ranar, har Losana ta dube ni, don ta san in hankalina a tashe yake ba na iya haɗiye komai.

Rana tana faɗawa teku aka buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a bishiyar bakin coci. Lokacin da muke kira sa ya yi, wato lokacin addu'ar magariba da ƙauye duka yake tsayawa cak. Ba tafiya, ba gudu, ba ɗaga murya, ko mota ce ta ratso sai ta lallaɓa. Matasan tsaron ƙauye suka jeru a bakin hanya da fararen rigunansu. Losana ta ɗauko waƙa muka amsa, kuma dole in faɗi gaskiya, yaron yana da murya. Sannan Yaya ta fara addu'a. Addu'ar Yaya takan fara daga shugabannin ƙasa, ta bi ta kan masunta, ta gangaro kan dangi ɗaya bayan ɗaya har na ƙasashen waje. Tana kan ɗana na biyu na ji firji ya yi gyaran murya a kicin. Ƙwan fitilar fale ya kama. An kawo wuta.

Sai ƙara ta tashi daga gidan bulo, kamar tayar bas ta fashe a kan kwalta mai zafi.

A cikin shirun nan, ina jin har ƙauyen gaba an ji. Karnuka suka ɗauka, kajin da suka hau bishiya suka zubo, aladen maƙwabta ya tsallake shinge. Yaya ta ci gaba da addu'a da sauri, ta haɗa ɗana na uku da Fuatino da marasa lafiya duka a numfashi ɗaya. Ni idona a rufe gam. Warin ƙonannen roba ya iso mu kafin amin.

Kelemete bai jira amin ba. Ya zabura ya ratsa tsakar gida da gudu, ƙasa tana girgiza, ya je ya fizge wayar daga bango. Baƙo, da gudu, a tsakiyar sa, a gaban fararen riguna.

Ana buga tukunyar sallama suka shigo, babbansu a gaba, wani abokin karatuna da bai taɓa yafe mini wata ƙwallo da na ci shi muna yara ba. Muka taru a ƙofar ɗakin. Hayaƙi yana fita ta bayan kwamfutar siriri. Fuatino tana tsaye ta toshe baki da hannu. Kelemete ya juyo da kwamfutar ya duba bayanta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago, bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba.

Na tura hannun cikin zani.

Babban fararen riguna ya tambaya wane ne ya harba bindiga a lokacin sa. Kelemete ya zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, da farar rigarsa, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba bindiga ba ce, ranka ya daɗe, laifina ne. Wutar gidajen Pago rabin ta nan ce. Akwai makunnin da ake gaya wa akwatin irin wutar da zai tarar a bango. An bar shi a kan ta Pago, ta nan ta zo ta yi masa yawa. Ni na kawo shi, ni ya kamata in tabbatar."

Kun ji. Ashe lambar ba wutar da akwatin zai bayar ba ce, wadda zai karɓa ce. Yaron daidai ya yi. Ni na bi hoton da aka ɗauka a wata ƙasa.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma na ga abokin karatuna yana kallona, na tuna gobe da safe rabin mutanen nan a bas ɗina za su zauna, kuma labarin zai riga ni isa kasuwa. Sai bakin ya rufe kansa.

Aka yanke masa tarar katan na kifin gwangwani ga majalisar ƙauye, saboda ƙarar da gudun. Babbansu ya ce tunda a kamfanin kifi yake aiki, a kawo mai kyau. Suna fita Yaya ta juya. Matar da ɗazu take zuba masa cinyar kaza ta ce yaron da zai manta ƙasar da yake tsaye a kanta, wata rana zai manta da mata a kasuwa. Ta ce an kunyata gidan ubanta a gaban ƙauye. Kafin ya gama ɗaure takalmi ta rubuta a zauren dangi: "MAGANAR PAGO TA MUTU."

To, ba abin da nake nema ke nan ba? Ba da bakina ba, ba tare da na yi musu da Yaya ba, an kore mini Pago. Ya kamata in ji sanyi.

Fuatino ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zare furen ta ajiye a kan teburi, ta kwance murfin, ta ciro ƙonannen akwatin, ta kakkaɓe tsohon ta mayar. Na tsaya a bakin ƙofa da tocila, ba ta ce in shigo ba. Ta danna, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Kwamfutar ba ta mutu ba, ta dai koma gurguwar da take. Ta buɗe saƙon matar Auckland, mai maganar taga, ta zauna tana kallonsa.

Losana ta wuce ni da kwanuka, ta ce, "Yau ba ka wanke hannu ba ka ci abinci."

Da safe na fito da bas, ina kaiwa kwanar gidan fasto inda ya kwana, sai ga shi tsaye da jakarsa. Na yi niyyar in yi kamar ban gan shi ba, amma mutum irin wannan ba a rasa ganinsa. Ya shigo ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Motar ta cika, wata tsohuwa mai kwandon gwanda ta zauna a cinyarsa, ta yi ta ba shi labarin wani sakarai ɗan Pago da ya tayar da bam jiya a gidan direba. Yana ta cewa, "Allah ya kyauta, Iya." Ina kallonsa ta madubi har Apia.

Da kowa ya sauka a kasuwa na ce ya zauna, zan kai shi ƙaramin filin jirgi. Ba hanyata ba ce.

Na ce, "Makunnin nan."

Ya ce, "Ba ya tafiya da kansa, Baba. Da ƙyar ma na tura shi da sukundireba."

"To don me ka ce kai ne?"

"Ban ce ni na mayar ba. Na ce an bar shi." Ya yi murmushi. "Kuma da laifina. Na ga kana kallo, da na yi maka bayani."

Na gaya masa abin da na zata, cewa so yake ya ƙona kwamfutar don ya tafi da ita. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya yi dariya har bencin yana motsi, ya ce shi da ya sha yawon shaguna da hoton tsinken tsintsiya a wayarsa. Ashe ta tura masa hoton tsinkayena.

Na ce duk da haka bai amsa mini ba. Mutum ba ya zama a kan tsakuwa a gaban ƙauyen da ba nasa ba saboda tsohon da ya ƙi shi.

Ya ce, "Baba, wanda zai zauna a gidan mutum ba ya fara da kunyata mai gidan. Ina zan sa fuskata in muna cin abinci a tabarma ɗaya?"

Na taka birki ba shiri. "Gidan wa?"

"Ba ta gaya maka ba?" Ya dube ni da mamaki. "Tun ranar da na fara yi mata magana ta ce ita ba inda za ta. Ta ce yayyenta sun tafi, ita ce za ta zauna da ku, duk mai sonta ya naɗo tabarmarsa ya taho. Na riga na nemi aiki a Apia. Shi ya sa na damu da kwamfutar nan fiye da kai. In ta koma Auckland, ni wa zan tarar?"

Wata mota ta yi mini hon a baya. Na ja muka tafi. Wani abu ya shiga mini ido, na ce masa ƙurar hanya ce, duk da an yi ruwa da asuba.

A bakin filin jirgi ya ce akwai irin akwatin da ba shi da makunni ko kaɗan, da kansa yake gane wutar da ya tarar, shi zai nemo. Na tambaya ko zai samu kafin matar Auckland ta gaji da jira. Ya ce kar in damu, yau Alhamis a nan, in ya sauka Pago Laraba zai tarar, don layin da ke raba kwanakin duniya tsakanin tsibiranmu ya ratsa, ya ci ribar kwana guda. Na ce ai in zai dawo za su karɓe abinsu. Ya miƙo kuɗin mota, na ture hannunsa. Na ce kifin tarar da aka yanke masa kuma ni zan saya. Ya ce sai dai mu raba, don babban fararen riguna ya ce mai kyau yake so.

Yana shiga ciki wayata ta yi ƙara. Zauren dangi ne. Fuatino ta turo hoto, an matso da shi kusa sosai: jan makunni, a kansa kuma shatin babban yatsa, baƙi ƙirin da giris, kowane layi ya fito kamar na ofishin 'yan sanda. A ƙasa ta rubuta, "Gwaggo, akawu ba ya taɓa giris."

Babban ɗana ya turo fuskar dariya har layi uku. Na Brisbane ya rubuta, "Baba?" Daga sama na ga alamar Yaya tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta tsaya.

Na kashe injin. Na dubi yatsan, har yanzu da sauran baƙi a gefen farce. Na ɗora shi a kan sitiyari, na ɗauke shi hoto, na tura musu. Na rubuta, "Nawa ne. Yaya, a ta da maganar Pago."

A rayuwata ban taɓa gaya wa Yaya abin da za ta yi ba. Ko numfashi ban gama saukewa ba wayar ta hau ruri, sunanta a kan allo da manyan haruffan da ita ta sa mini da hannunta. Ina kallo tana ruri, sai wani saƙo ya sauko ta sama, ba a zauren dangi ba, ni kaɗai aka turo wa.

"Ka ɗauki wayar Gwaggo, Baba, ba za ta cinye ka ba. In za ka dawo ka sayo burodi. Ina gida."

Na karanta kalmomi biyun ƙarshe sau da yawa. Sannan na goge yatsan a zani, na gyara zama, na danna koren maɓallin amsawa.